Hawa da Gangara

Gidanmu na bisa tudu, can ciki,
inda mota ke isowa ta tsaya ta ji kunya.
Keke-napep ma sai ya noƙe kafaɗa
kafin ya wuce kwanar Ige mai ƙosai.
Daga nan sai ƙafa. Ƙafa ke sarauta a lungunmu.

Na taɓa ƙirgawa, ranar da ba ni da ɗinki:
taki ɗari shida da ɗoriya daga zaurenmu zuwa bakin kasuwa.
Ɗana Zayyanu ya ce minti bakwai ne a agogonsa.
Ni ban taɓa yin ta ƙasa da awa guda ba,
don Modi mai gyaran rediyo ba ya sakin hannu
sai ya ji labarin gwiwata, ta dama da ta hagu,
Inno kuma ta leƙo ta kan katanga
ta ce in tattasai ya sauko in riƙo mata na ɗari biyu,
kuɗin sai na dawo.
Shekara goma ke nan ina dawowa.

Da safe gangara kan ja ni kamar jika mai ɗoki.
Warin majema ke fara gaishe ni,
sannan turaren shagon Sidi ya ba ni haƙuri.
Bangon tsohon gidan alƙali jar ƙasa ce,
kakana ya ce tafin ubansa na cikin yaɓensa.
Bara an shafe rabinsa da siminti, an liƙa masa fosta,
amma in na zo wucewa nakan dafa wancan rabin,
da sanyinsa, ko a tsakiyar bazara.

In ruwa ya sauka da dare
lungun kan zama ɗan gulbi mai gaggawa,
ya kwashi ɓawon gyaɗa da silifas ɗin yara
ya nufi fadama da su.
Gari na wayewa uwaye su bi sawunsa,
kowace da warin takalmi a hannu.

Yanzu Zayyanu ya yi gida can bayan gari,
fili shimfiɗe kamar faifai, ƙofar ƙarfe, famfo har ɗaka.
Ya ce, "Baba, hawan ga ya ishe ka."
Na je na kwana uku.
Na zauna ƙofar gida tun hantsi har la'asar,
mota tara ta wuce, gilashi rufe,
akuya guda ce ta dube ni.
Can ko allura kake so sai an nemo makullin mota.

Ranar da na dawo aka ce Modi ya cika.
Motar asibiti ta tsaya inda kowace mota ke tsayawa,
muka hawo da shi bisa kafaɗa zuwa gidansa,
bayan azahar muka gangaro da shi,
kowace ƙofa na fito da mutum,
makara ba ta yi taki goma a wuyan kowa ba.
Zayyanu ma ya sa tasa kafaɗar, da farar shaddarsa.
Na ga bakinsa na motsi.
Ban sani ba ko addu'a yake ko ƙirga.

Da yamma hawa ke karɓar bashinsa.
Da, sau ɗaya nake tsayawa, yanzu sau uku:
gindin dogon yaro, dakalin masallaci,
da ƙofar shagon nan da ke rufe,
inda rediyon wani ke jiran a zo a karɓa.
Daga can sama in na juya,
ga kwanon kasuwa, ga hasumiya,
ga gulbi can nesa ya kwanta kamar zaren da ya suɓuce daga allura.
Tattasan Inno na hannuna,
numfashina na baya, yana tafe.

Zayyanu ya bugo jiya.
Na ce ya bari sai bayan damina.
Bara ma haka na ce.