Wayar da Ke Komawa Ƙasa

Laure ce ta aiko a kira ni,
wai famfon gidansu ya koyi cizo.
Na rataya jaka, na bi ta gindin duwatsun Birni,
na gangara Garin Malam rana na tsaka.

Ƙofa tara, tsakar gida ɗaya,
akwatin wuta ɗaya a zaure, murfinsa ɗaure da tsumma.
Na buɗe. Gizo-gizo ya riga ni kama haya a ciki.
Wayoyi sun cuɗe kamar taliyar da ta kwana,
tela ya ja tasa, mai wankin kai ta ja tata,
Laure ta ja mai kauri don firigon ƙanƙara.
Na nemi kore mai ratsin ɗorawa,
wadda aikinta kai ɓatacciyar wuta ƙasa,
na same ta a yanke, tsawon ɗan yatsa,
tana lilo, ba ta gaida kowa ba.

Na ce musu wuta baƙuwa ce mai son komawa gida,
in ba ku share mata hanya ba
za ta bi ta hannun mai alwala,
ta bi ta ƙafar yaron da ya fito wanka.
Cima ta janye ɗanta daga jikin ƙyauren langa-langa.

Nawa ne? in ji Barmu tela.
Jika biyu kowace ƙofa.
Sai gidan ya ɗauki zafi, ya fi wayoyin.
Mai ƙwan fitila ɗaya ya ce shi da mai firigo ba ɗaya ba,
wata ta tono bashin watan jiya,
mai gidan kuwa yana Agadas, wayarsa a kashe.
Na zauna bakin turmi, na bar su.
Tsohuwa Habsu ce ta kwance bakin zane,
ta ajiye nata a kan murfin akwati, ba ta ce uffan ba.
Ɗaya bayan ɗaya aka biyo ta.

Ƙasar Damagaram ba ta karɓar baƙo da sauƙi.
Kamu uku na haƙa, diga ta yi ƙara, dutse.
Na matsa, dutse.
Sai can bayan makewayi, inda ruwan wanka ke lallaɓawa,
ƙasa ta yi laushi, ta buɗe baki.
Na kafa sandar jan ƙarfe, na bi ta da guduma
har ta nutse, kanta kaɗai ke leƙe.
Gawayi buhu guda, gishirin Bilma kwano biyu,
sannan jarka biyu ta ruwa.
Cima ta dafe ƙirji:
ruwan da muka bi layi tun asuba, shi za ka ba rami?
Na ce yau ƙasa ce ke da ƙishi.

Daga sandar na ja waya zuwa zaure,
na ɗaure jikin akwati, na ɗaure bututun famfo,
ƙyaure, firigo, keken ɗinkin Barmu,
duk ƙarfen gidan na haɗa su zumunta.
A babban akwati kaɗai na ƙulla ta da shuɗiyar waya,
a ɗakuna kowace ta kama layinta,
don ƙulli biyu rigima ne.

Na ɗora ma'auni. Allura ta kwanta.
Laure ta miƙa yatsa ɗaya, ta taɓa famfo, ta janye,
ta sake taɓawa, ta kama shi da hannu biyu.
Shi ke nan? ta ce. Ba abin da ya sake.
Fitila ba ta ƙara haske ba, fanka na juyinta na jiya.

Haka aikina yake.
Wanda na yi da kyau yana ƙarƙashin ƙasa,
ba a yi masa guɗa.
Na wanke hannu da sauran ruwan jarka,
ta ba ni ƙanƙara biyu a leda,
kafin in kai Zango sun narke.