To Ɗinsu Ba Namu Ba Ne

Daren Talata a Greensboro,
ɗakin ƙasa na laburare, kujerun yara,
gwiwata na dukan cikin tebur.
Misis Pruitt ta rubuta baƙaƙe biyu a allo,
na ce a raina, yau kam an zo gidanmu:
To.

Da ita na amsa kiran Baba,
da ita na sallama akuya a kasuwar Madarunfa,
da ita ake naɗe tabarmar zance
in ba a son rigima.

Ta ce a'a, tu ake cewa,
kuma ba amsa ba ce.
Gaban aikatau take shiga, ta tuɓe masa lokaci:
ba jiya, ba gobe, ba wanda ya yi.
Aiki ne tsaye a bakin ƙofa da takalminsa a hannu,
bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Sai ta raba takarda, a cike gurbi.
Daga kasafin kuɗin gari ta tsamo jimlolin.
Majalisa ta ƙudurta rage giɓi.
Hukuma na fatan gyara gada.
Baitulmali na da niyyar biyan bashi,
faɗaɗa haraji, sake duba tallafi.
Gurbi ashirin, amsa ɗaya,
ina ta dasa ta kamar mai shuka gero bayan ruwan farko.

Ai na san yaren nan.
Shekara sha ɗaya ina yanka rasit a kwastan na Ɗan Isa,
na karanta takardun da ke saukowa daga Yamai.
A Faransanci a wutsiyar kalma yake ɓuya,
nan kuwa a goshi, ko kunya babu.

Cima, da ke goge benen asibiti da asuba,
ta ɗaga biro: Malama, gadar, yaushe?
Misis Pruitt ta yi dariya, ta ce jimlar ba ta faɗa ba.
To wa zai gyara?
Wannan ma ba ta faɗa ba.
Tsoho Ksor, da bai taɓa magana a aji ba,
ya ce a ƙasarsu ma haka gwamnati ke numfashi.

A lamba ta sha bakwai na tsaya.
Na bi ta da yatsa, kalma kalma:
kwamiti na shawarar rage kuɗin ajin dare na manya.
Na ɗaga kai. Ta riga ta juya tana share allo,
allon da ba komai a kansa.
Ta ce, bayan watan Yuni sai abin da muka ji.
Na cike gurbin. Daidai ne. Ta ba ni maki.

Ran Juma'a takardar albashi ta fito daga sito,
na nemi ƙaramar kalmar sama da ƙasa, ban gan ta ba.
Can ba fata, ba niyya.
Na tarayya: an cire.
Na jiha: an cire.
Na tsufan da ban san inda zai same ni ba: an cire.
Ashe sun iya shuɗaɗɗen lokaci
in hannu zai shiga aljihuna.

Aikin gida, jimla biyar taka ta kanka.
Na zauna a mota kafin a buɗe ƙofar sito:
na zo don in yi aiki,
ina so in kawo Ramma da yaran,
ina ƙoƙarin rufe ɗakin Inna da kwano kafin damina.
Uku na samu.
Sai na lura nawa ma duk a bakin ƙofa suke tsaye.

Da za mu tashi ta ce, Malam Ɗanjimo, sai Alhamis?
Na ce mata to.
Tamu na ba ta, doguwar,
wadda ke da mutum a cikinta.