Ɗan Aiken da Ba Ya Ganin Leɓe

A Suwame, tsakiyar Magazin,
ubana bai taɓa kiran ƙarfe da sunansa ba.
Yana kwance ƙarƙashin tirela, ƙafafu kaɗai a waje,
sai ka ji: "Mutaru, miƙo abin nan."
Mutaru ya miƙa. Daidai.
Shekara bakwai ya yi yana shaƙar baƙin mai
kafin "abin nan" ya zama sifana goma sha uku
a kunnensa.

Ni, 'yarsa, ina Aboabo,
a saman bene, kan shagon mai ɗinki,
fanka na juyawa kamar an yi mata dole.
Ana biyana in auna bayanin da mutane ke rubutawa
don wani yaron shago marar hanci,
marar shekara bakwai,
wanda ba ya ganin leɓen da aka yi nuni da shi.
Ɗan aike ne na na'ura.
Abin da ka rubuta a jikin kayan aiki,
nan saninsa ya fara, nan ya tsaya.

Na farkon yau: "Yana aika kuɗi."
Kalma uku, mai ita ya tafi shan iska.
Sidi ne ko fesuwa?
Lambar waya da sifiri a goshi, ko biyu-uku-uku?
In kuɗin ya tafi, yana da hanyar dawowa?
Na gwada. Na ce ya tura wa Hajiya Barikisu
sidi hamsin, bashin shinkafa da wake.
Ya tura rabin sidi,
ya dawo da ladabi, wai aiki ya kammala.
Ban ga laifinsa ba.
Ɗaya bisa biyar.

Na biyu layi tara ne:
mai sauri, mai ƙarfi, na zamani, babu irinsa.
Yaron mota kenan a Kejetiya,
yana dukan ƙofa, shigo, shigo, akwai wuri,
bai faɗi garin da za shi ba.

Sai wasu biyu, "nemo oda" da "duba oda",
tagwaye cikin riga iri ɗaya.
Ɗan aike ya kira wannan, ya kira wancan,
ya koma na farko,
ya ba ni haƙuri sau uku.
Ni ce na ji kunya.

Bayan la'asar wuta ta ɗauke,
keken ƙasa ya koma na ƙafa,
batirina saura kaɗan,
na buɗe wanda wata Akosuwa Boakye ta rubuta.
Gajere ne. Ta faɗi abin da yake ci,
ta faɗi abin da yake dawowa da shi,
ta ba da misali guda.
A ƙarshe ta ce:
"Kada ka taɓa ni idan oda ta riga ta fita.
Ba a warware abin da na yi.
Tambayi mutum tukuna."

Na daɗe a kan layin nan.

Sau ɗaya na ji ubana ya yi jimla cikakkiya a gareji:
"Jek ɗin nan ba ya ɗaukar mota da lodi."
Ya faɗa wa kowane sabon yaro,
ya rubuta da fenti ja a bango,
amma sai bayan da Isaka ya bar yatsu biyu
ƙarƙashin wata mai ɗauke da doya daga Techiman.

Na ba Akosuwa biyar.
A gurbin sharhi na rasa abin cewa,
na rubuta: ta san inda ƙarfe ke cizo.

Da magariba na biya ta Asawase.
Tsoho na kan tabarma, ido ya yi hazo,
baƙin mai har yau bai bar faratansa ba.
Ya turo leɓe wajen taga:
"Zenabu, miƙo abin nan."
Akwai rediyo, akwai carbi, akwai kwalbar magani.
Na miƙa rediyo.
Ya juya ta a hannu, ya ajiye.
Ya ce, "Da Mutaru ne."