Daƙiƙa Uku

A wajen ƴan Kwatano na same ta,
ja, ƙofa biyu,
cikinta kamar zai shafi ƙasa.
Arzika makanike bai kalli fenti ba,
kunne ya ɗora kan inji, ya daɗe,
ya ce, "Birki ake saye.
Gudu, ko jaki na da nasa."

Tsahara ta leƙa baya, ta riƙe haɓa:
"To buhun gero fa, a kaina?"

Kwana shida Yamai na danne ta:
ramuka, kabu-kabu,
raƙumi da lodin tabarmi a kan gada,
ita kuwa sai gurnani a giya ta biyu
kamar kare a ɗaure.

Sai Lahadi.
Wani fili can hanyar Filinge,
tsofaffin tayoyi sun shata kwana tara.
Hular kwano, ɗamara, bisimilla.
Kwana ta uku ta juya ni sau biyu,
na tsaya ina fuskantar inda na fito.

Arzika ya duba agogo:
"Minti biyu da bakwai. Taka da wuri."
Na sake.
Biyu da huɗu.

Daƙiƙa ukun nan
na kai su gida cikin aljihu,
ban nuna wa kowa ba.