Abin da Mahaɗi Ya Ƙara

Sai bayan isha nake awo,
in 'yan kabu-kabu sun janye daga bakin Kasuwar Dole,
don tartsatsin fulogonsu
yana faɗa wa allurata kamar ƙuda a nono.

Rediyon Tsahiru maƙeri ce a kan tebur.
Na zare mata baya.
Ya ce tun watan jiya
tashar da yake kamowa daga kudu
tana zuwa masa cikin shuuu,
kamar ana sheƙar gero a bayan mai magana.

Ga mahaɗin nan, bai kai ƙwayar wake ba.
Yana karɓar muryar da ta sha hanya,
ya gauraya ta da kaɗawar cikin gida,
ya miƙa bambancin gaba,
goma da ɗigo bakwai, kowace tasha ce.
Amma ban taɓa ganin ɗan aike
da bai ƙara nasa a kan saƙo ba.
Nawa ya ƙara, shi nake nema.

Zabeiru, cire eriya.
Toshe ƙofar da rezistans, om saba'in da biyar,
kada Damagaram ta shigo ko da tari.
Yanzu babu tasha, babu kowa.
Dubi allura, ba ta kwanta ba.
Ƙarfe ma yana gunaguni in da ɗumi a jikinsa,
ga shi duwatsun Birni
ba su gama sakin ranar yau ba.
Rubuta.

Kunna diyod ɗin hayaniya,
ƙarar da muka san nauyinta
kamar dutsen sikelin mahauci.
Allura ta hau. Rubuta wannan ma.

Nan kuran ya ɗauke.
Muka zauna a duhu,
ƙarfen dalma yana hucewa, yaron yana kashe sauro.
Da ya dawo sai muka sake daga farko,
don abin da ya huce ba shi ne na ɗazu ba.

Raba na biyu da na farko, cire ɗaya.
Ya yi lissafi a bayan kwalin shayi,
ya goge, ya sake.
Desibel takwas.
Na ce maimaita.
Takwas.

Haka aka haife ta.
Da za ta ce tara, da na sauya taranzisto,
na karɓi jaka biyu, na kwana lafiya.

Na mayar da eriya, na murɗa zuwa kudu.
Wata mata tana karanta gaisuwar masu saurare.
Zabeiru ya ce, Malam, ai tas take fita.
Ni kuwa ina jin geron.

Shekara arba'in Tsahiru yana dukan uwar maƙera.
Talatin da ɗaya nake kara kunne a bakin lasifika.

Me za mu gaya masa gobe?
Za mu ɗaura masa eriya a kan doguwar gora,
murya ta zo da ƙarfinta tun daga ƙofa,
ta fi ƙarfin abin da ke jiranta a ciki.
Kuɗin waya kawai za ka karɓa.

Ya tafi gida.
Na kashe mita, na kashe fitila, na zare filogi.
Allura ta kwanta a kan sifili.
Na daɗe a zaune ina saurare.