Takardar Ƙuli-ƙuli

Daga kasuwar Shuwarin aka ƙunso mana ƙuli-ƙuli
a yagaggen shafin kalanda.
Maiƙo ya cinye sararin samaniya,
ya bar ginin.

Kakana Barau magini,
wanda rabin katangun garinmu suka san tafinsa,
ya shimfiɗa takardar a gwiwa,
ya lallashe ta da babban yatsa.
“Karanta min na ƙasan nan.”

Na karanta ina tuntuɓe:
wurin ibadar mabiya Buddha ne, can bayan teku.
Wani sarki ya sa aka aza harsashi,
bai ga gamawa ba.
Kurmi ya haɗiye shi, aka manta,
aka zo aka tono.

Bai tanka zancen sarkin ba.
Ya share ƙasa da gefen hannu, ya ɗauki tsinke.

“Ƙofa nan. Ƙofa nan. Huɗu ke nan,
kowace da kusurwar da take kallo.
Gindin kamar fegin gida.
Hawa bisa hawa, yana tsukewa,
sai can ƙololuwa ya koma da'ira
kamar an kifa ƙwarya.
Waɗannan ƙananan fa, ai rumbuna ne.”

Na ce mutum ne a ciki, na dutse, a zaune.
Ya yi shiru.
“Kowa da abin da yake ɓoye wa damina.”

Tsinken ya zaga, ya sake zagawa.
“Ka lura? Ba a hawa kai tsaye.
Wanda ya tsara wannan
ba ya shiri da mai gaggawa.”

Sai ya kusanto da takardar hancinsa,
yana nema, yana nema,
har ƙuli-ƙulin ya ƙare a hannun yara.
“Yawwa! Ga indararonsa.
Na san ba zai bar ruwa ya kwana masa a ka ba.”
Ya yi dariya irin ta wanda ya gamu da ɗan'uwa a tasha.

“An rubuta sunansa?”
Na duba. Babu.
“Masu dakon dutsen fa?”
Babu.

Ya dubi masallacinmu na siminti,
inda na ƙasa ya taɓa tsayawa,
wanda shi da ubansa suka cuɗa wa birji
rani biyu.

Ladan ya kira magariba.
Kaka ya soke takardar a jikin azara,
ya ɗauki buta,
ya kewaye zanen, bai taka ba.

Awaki ne suka shigo
ta ƙofar yamma.