Tsamiyar Rezo

A bayan Figil, kan tudu, akwai wata tsamiya.
Yara sun raɗa mata suna Rezo,
don nan kaɗai waya ke numfashi.

Jaratu mai albasa takan hau da sassafe,
hannu ɗaya a sama kamar mai rantsuwa,
tana farautar farashin Garwa.
Ran Laraba magana ta tsinke a kan "buhu ya kai..."
Ta sauko, ta sayar jaka sha biyu.
Ashe ya kai ashirin.

Ni mai gyaran waya ne a bakin tasha.
Na san cikinta kamar yadda mahauci ya san tumbi,
na kuma san inda kuɗin ke bi:
duk katin da muka kankare da farce
sai ya hau kwalta ya yi kudu,
ba ya ko waiwayen mai shi.

Shi ya sa na je zauren Alhaji Tanimu.
Na ce, Alhaji, shanunka ɗari uku,
gidajenka a Marwa ƙadangaru ke haya,
sefa na barci a akwati har ta yi wari.
Ƙarfe ɗaya muke roƙo,
dogo, mai jar fitila a ka.
Shi ma saniya ne, sai dai ba ya neman dusa,
ana tatsarsa rani da damina.
Ga Sali ɗan Hajja Dudu, ya karanci abin a Ngaundare,
yau fasinja yake goyo a babur.
Matan layinmu sun ce za su juyo adashi,
sun ma fara, a gwangwanin madara.
Guntun gatarinka, Alhaji,
ai ka san ƙarshen maganar.

Ya yi dariya har carbi ya faɗi.
Ya ce, yaro, iska ake sayarwa?
Ni abin da ba shi da kofato ba na saye.

Na tashi, na karkaɗe wando.

Jiya da la'asar na hango farar riga a kan tudu.
Alhaji ne, yana haki,
hula a hannu, waya a sama,
motar shanunsa ta kwana uku a hanyar Kusiri
babu labari.
Jaratu ta matsa masa wuri a gindin tsamiya.
Ta ce, ɗaga sosai, ranka ya daɗe,
ta wajen reshen can yake zuwa.

Yau da safe ya aiko yaro:
wai ƙarfen nan, nawa ne?